Na Ari Baba Ranar Asabar

Asabar, 4 ga Maris

Yau na ari Baba. Hamish, shugabana a ofis, yana so ya san lafiyar kamfanin Tarnbrae, mai gina unguwar tsofaffi, kafin mu ƙara zuba kuɗin mutane a hannun jarinsa. Rahoton shekara kowa ya iya yi masa kwalliya, ni sai na taka unguwar tsofaffin da ƙafata. In ka je a matsayin mai tantance kamfani, shayi za su ba ka da ƙarya. In ka je da tsoho a gefenka, har ɗakin ajiya sai sun buɗe maka.

Na ɗauko shi daga gidansa a Temuka, na ce mu je Timaru shan iska, can unguwar take. Ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Mama. Raewyn, mai tallar gidajen, ta riƙe masa hannu tana cewa, "Alister, kai ai ba ka isa shigowa nan ba, sai mun ga takardar haihuwa." Shekara saba'in da tara, ga ciwon zuciya, amma mace ta yaba shi ya yi ta washe baki. Ya yi min amfani sosai.

Litinin, 6 ga Maris

Ya bugo waya. "Kirsty, wai ta ce ba gidan ake saya ba?" Na yi masa bayani a gajarce: ka biya kuɗin gida cif, amma gidan nasu ne, izinin zama ka saya. Ranar da ka fita, ko aka fita da kai, su yanke kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma sai sun sami wani tsohon ya shiga. Ya ce, "To ai ba laifi, gawa ba ta jiran canji." Ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Ban gaya masa cewa ribar a fitar take ba. Unguwar da tsofaffinta ke hawa keke asara ce. Ni masu sanda nake so in gani, masu numfashi sama-sama. Ban ga abin kunya a ciki ba, ai ba ni nake kashe su ba.

Asabar, 18 ga Maris

Mun koma. Na bar shi a filin gara ƙwallo da sa'o'insa, na zaga layin baya. Labule a kowace taga, tukunyar fure a kowace ƙofa. Amma furannin duk iri ɗaya ne, kuma ba takalmin lambu, ba kujera, ba kwanon kyanwa. Tsoho ba ya zama a gida bai tara tarkace a ƙofa ba. Gidajen fanko ne, an yi musu ado.

Wata tsohuwa, Noeline, ta tare ni tana shanya. Yayarta ta rasu a nan hunturun bara waccan, har yau 'ya'yan marigayiyar ba su ga ko sisi na kuɗin gidan ba. "Ni na ce in na mutu su jingine ni a taga, kada masu saye su gane." Ta nuna min inda aka yi musu alkawarin gina sashen jinya. Ciyawa ce da allo.

Na dawo mota zuciyata fes. Duk Christchurch, garin da ofishinmu yake, ba wanda ya gano wannan sai ni. Baba ya ci wasa biyu, ya ishe ni da labari har gida.

Talata, 21 ga Maris

Hamish ya ce mu sayar da hannun jarin mu fita, amma kaɗan-kaɗan, kada kasuwa ta farga farashi ya faɗi a kanmu. Zai ɗauke mu sati shida. "Ko mijinki kada ya ji." Na ce ba ni da miji. Ya ce shi ya sa yake jin daɗin aiki da ni.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Baba ya sa hannu. Ya sayar wa ɗan maƙwabcinsa gidan Temuka, ya kama gida a Tarnbrae, wai bazata ya shirya min. "Sau biyu kika kai ni, yarinya. Na gane abin da kike nufi, ba sai kin faɗa ba. Kin gaji da tuƙi da fargaba."

Doka ta ba shi sati uku ya janye in yana so. Mu ma saura sati uku mu gama sayarwa.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Bakin Baba ba ya riƙe magana. In na gaya masa da safe, kafin la'asar duk filin ƙwallo ya ji, jibi tana jarida. Farashi ya rushe, aikina ya tafi, wataƙila har da kotu. Shekara ashirin na yi ina gina sunan nan.

Na kira shi na ce, "Baba, ba ka ganin ɗakin girkin ya yi ƙanƙanta?" Ya ce, "Me nake girkawa, ƙwai?" To, na dai gwada.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Ya ja Mervyn, abokinsa tun suna aikin aske tumaki, shi da matarsa. Su ma sun kama gida. Wai Mervyn ya ce in 'yar Alister ta duba wuri, zuwa wajen lauya cika ƙa'ida ne kawai. Wawaye. Wa ya aike su? Haushi ya hana ni cin abinci.

Juma'a, 5 ga Mayu

Mun gama fita. Wa'adin Baba ma yau ya cika. Hamish ya buɗe kwalba, na sha nawa.

Asabar, 10 ga Yuni

Na taya shi jera kaya. Ya dage sai na ga ya rataye hoton Mama inda rana ke faɗowa. Yana ta nuna ni ga mutane: "Ga mai ƙwaƙwalwar gidanmu." Noeline ta kalle ni ta ce, "Ai mun taɓa haɗuwa a layin baya." Na ce ban tuna ba.

Laraba, 9 ga Agusta

Bankuna sun karɓe Tarnbrae. Hannun jarinsa yanzu ko kifi ba za a ƙunshe da shi ba. Jarida ta ambaci ofishinmu cikin waɗanda suka tsere da wuri, har da watan da muka fara. Hamish ya sa an tafa min. Na ji daɗi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Asabar, 2 ga Satumba

Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya ɗan shanye. Likita ya ce yana buƙatar inda ake jinya dare da rana. Sashen jinyar Tarnbrae kuwa ciyawa ce har yanzu. In zai koma wani wuri sai kuɗinsa sun fito, ba kuma za su fito ba sai wani ya sayi gidan. Wa zai saya?

Na ce zan biya. Ya ce, "Ajiye abinki, ai da guminki kika samu." Bai kalle ni ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

Na kai masa gasasshen naman rago. Na gaida Mervyn a ƙofa, ya ci gaba da kallon bango.

Muna zaune Baba ya ce, "Mervyn ya tambaye ni ko kin sani." Maganar na fita a karkace, amma idon nan lafiyarsa lau. "Na ce masa yarinyar ba ta da kai sosai, uwarta ce mai ƙwaƙwalwa. Na ce wasu ne ke yin aikin a ofis, ita shayi take kai musu. Kowa a unguwar nan haka na gaya masa." Ya jira. "Daidai na faɗa, ko in koma in gyara?"

Ban taɓa barin wani mahaluki ya ce ban iya aikina ba. Na taɓa sa an kori mutum a kan abin da bai kai wannan ba.

Na ce, "Daidai ne, Baba."

Ya ce, "Madalla. Yanka min naman, hannun nan ya ƙi."

Laraba, 20 ga Satumba

Ban je ofis ba, na ce musu mura. Ina Timaru. Ya ce in daina zuwa, na ce ba don shi ba ne, hanyar ce ke min daɗi. Na yi masa aski, na yanke shi kaɗan a haɓa. Tun Lahadi bai kira sunana ba, "ke" yake cewa.

Gobe ma mura.