Maɓallan da Suka Ƙi Sanusi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Jos, ya maigida da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Gwandu lafiya lau.

Kawu ya ɗauke ni daga kan kwamfutar shagonsa na sayar da taki ya ɗora ɗansa Sanusi, wai shi ne mai difloma. Da ma na saita wa kowace folda, wato ma'ajiyar takardu, maɓallanta: in aka danna Ctrl, Alt da M, takardun manoman Maruda su buɗe. Sanusi ya haddace, yana dannawa yana hura hanci. Ran Litinin ya goge 'yan hotunan fuskar kwamfutar, wai tarkace ne. Bai san a jikinsu maɓallan suke ba.

Sai ga dattawan Maruda sun zo karɓar sunayen masu taki. Ya danna, shiru. Ya sake, gumi har haɓa. Ya juyo inda nake zaune, murya ƙasa-ƙasa: "Asabe, don Allah." Na ce, "Ai ni ba ni da difloma."

Gyaran minti biyu ne, Yaya. Yau kwana huɗu ina kallonsa.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, shi kuwa ya nemi mai yi masa.

Ƙanwarki,
Asabe