Kuɗin Kai Gawa Gida

Yaya Shamiso,

Gaisuwa mai yawa daga Johannesburg. Ya jikin Mama, ya yara? Ruwa ya sauka a Masvingo kuwa? Ni lafiyata ƙalau, barci ne kawai ya yi wuya.

Kin tuna Mthunzi, wanda muka haɗa jari muka sayi motar ɗaukar kaya? Ya kai ni ƙara wai na damfare shi, alƙali ya yi watsi da ita. Sai ya zagaya wata kotun, ba a ko kira ni ba, ya rantse zan gudu da dukiya Zimbabwe. Nan take aka rufe asusuna na banki.

Abin takaicin, kuɗin ciki ba nawa ba ne. Na ƙungiyarmu ta kai gawa gida ne, ni ke ajiyewa, don yawancinmu ba su da takardun buɗe asusu. Ga shi dattijonmu Baba Gwenzi ya rasu, yana kwance a ɗakin ajiye gawa.

Na sami Mthunzi, ya yi dariya ya ce, "Mutumina, sakar mini motar, gobe in janye ƙarar." Lauyata ta ce wasa yake da shari'a, mu ke da gaskiya, amma sai watan gobe za a saurare mu. Watan gobe! Gawa ta san wani watan gobe? Na dai miƙa wa Mthunzi makullin motar.

Don Allah ki je ki yi wa matar Baba Gwenzi gaisuwa. Ki ce a haƙa kabari, ran Asabar yana tafe. Idan Mama ta tambayi motar, ki ce tana gareji.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Takudzwa