Sakainata Ta Kai Emilia Kafanchan

Iya Maijidda,

Don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi, don zuciyata tafasa take. Ni malamar firamare ce a Godogodo, cikin waɗanda aka ɗauka bara da yara suka cika makarantu. Turanci na ba 'yan ajina wuya, sai na kwaso fasassun ƙoren mamata, na ɗora wuƙa a wuta, na zana musu 'yan guntayen nan na Turanci da ake liƙa wa kalma a goshi. Yaro ya riƙe sakaina mai un, ya tsaya gaban mai riƙe da happy, farin ciki ya juye. Mai re ya zo, a maimaita aiki. Har yatsana na ƙona, tabon yana nan.

Emilia ƙawata ce, ɗakinmu ɗaya, tare muke waƙa a coci. Ranar da sufeton makarantu ya zo ina kwance da zazzaɓi. Ta ɗauki jakar sakainata ta shiga ajina, ta yi wasan da yarana, ya yi ta yabonta, bakinta bai ko ambace ni ba. Yanzu ita aka zaɓa ta nuna wa malaman ƙasar Jama'a wasan a Kafanchan. Kuma ba kunya ta zo wai in ba ta sauran sakainar, in koya mata ma'anar mis da pre da dis, don ba ta gane su ba. Na yi niyyar in koya mata a karkace, ta tsaya gaban manya ta sha kunya. Ko Addu'ar Ubangiji muke, in an zo wurin gafara shiru nake yi. So nake ta yi kuka yadda na yi.

Mai Tabo, Godogodo

'Yata Mai Tabo,

An cuce ki, ba zan ce miki ba komai ba. Mai yiwuwa ranar Emilia ta shiga ajin ne don kada sufeto ya tarar da shi ba malami, amma shirun da ta yi bayan yabo cin amana ne.

Sai dai dabararki ba ita kaɗai za ta kama ba. Malaman da za su taru yawancinsu sababbi ne irinki. Abin da ta faɗa za su rubuta su kai Fadan Kagoma da sauran ƙauyuka, yara su haddace kuskure. In kuma asiri ya tonu, da sakainarki aka yi ɓarnar, sunanki ne zai ɓaci.

Kada ki koya mata ƙarya, kada kuma ki ba ta jakar. Ki gaya mata ido da ido: ko ta je da ƙafarta ta faɗa wa hedimasta gaskiya ku tafi Kafanchan tare, ke ki koyar, ko ke ki je wurinsa da kanki. In kin je, ki roƙi hedimasta ya tambayi yaran wa ya fara miƙa musu sakaina, sannan ki nuna masa yatsanki. Ramuwar da ta isa ke nan, don faɗin gaskiya da bakinta zai fi mata zafi.

Gafara kuwa, ki bari sai haƙƙinki ya dawo, za ta fi sauƙin fita. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kai ki Kafanchan da jakarki a hannu.

Iya Maijidda