Malam Ya Rantse Habu Ba Zai Sake Hawa Jirgi Ba

Samaru, Zariya

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Nan Malam da yara lafiya lau. Inna ce ƙafa ta dame ta, sai kuma ɗanka Habu.

Ranar Talata yana saukar da ƙaramin jirgin saman da suke koyon tuƙi da shi a makarantarsu, tayar gaba ta fashe, jirgin ya kafa hanci cikin ciyawa. Allah ya kiyaye, goshinsa kawai aka ɗinke.

Da Malam ya ga jini, sai ya rantse Habu ba zai sake hawa ba. Tun ranar yaron ya daina cin abinci. Ni ma in jirgi ya wuce gabana faɗuwa yake, amma zaman nan nasa ya fi ba ni tsoro.

Liman ya ce rantsuwa tana da kaffara. Har na ware dawar ciyar da miskinai goma. Saura wanda Malam zai ji maganarsa, kai ne kuwa.

Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da rubutun. A gaida Yaya Hajara, a sa mu a addu'a. Ka amsa kafin Litinin ta sama, ranar ce su Habu za su koma makaranta.

Ƙanwarka,
Asabe