Na Goge Kashi na Arba'in

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni. Kwana goma kawai gare ni, kuma ba kowa ya jefa ni a wannan hali ba sai babban yatsana na dama.

Ni tela ne, na fi shekara talatin ina taka keke. Shagona yana bakin titi, tafiyar minti biyar daga gida, shi ya sa nake komawa cin abincin rana. Matata ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, har ni. Shekararmu ashirin da bakwai da aure. 'Ya'ya biyu Allah ya ba mu, babbar tana gidan mijinta, ƙaramin yana karatu a nesa, sai dai waya. Tun da suka watse gidan ya yi mana faɗi. Ba faɗa muke ba, Gwaggo, kar ki ɗauka haka. Hira ce dai ta ƙare mana. Daga an kawo wuta, sai ka rufe ƙofa, sai ina ka ajiye maganinka. Mukan yi sati ba mu yi dariya tare ba.

Bara surukinmu, mijin babbar, ya kawo mana wata rikoda, baƙa mai faɗi kamar tiren shayi. Tana da rumbu a cikinta inda take tara shirye-shiryen talabijin, tana kuma da wurin saka faifan DVD in mutum yana so ya kwafe abin da ya ɗauka ya adana. Har da ƙunshin fayafai ya haɗo mana, suna nan a ledarsu ban taɓa buɗewa ba. Ya saita mana ita ta riƙa ɗaukar wani wasan kwaikwayo da ake nunawa duk Laraba ƙarfe biyar, lokacin da ni ina shago, Sista tana asibiti. Labarin wani gidan burodi ne da aka ƙona, kashi arba'in ana neman wanda ya kunna wutar.

Sista ce ta kafa doka, ni kuma na ɗaga hannu na amince: ba mai kallo shi kaɗai, sai Lahadi bayan la'asar mu zauna tare. To Gwaggo, wannan Lahadin ita ta dawo mana da baki. Mu zauna a kujera mai cin mutum biyu, shayi a gaba, ta ce direban ne, in ce wan mai gidan ne, mu yi ta musu har magariba, washegari ma mu ɗora. Na gano ashe har yanzu in tana dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi, kamar lokacin da nake zuwa zance. Ba na jin kunyar gaya miki, duk satin duniya wannan awa ɗayar nake jira.

Ga inda na ɓata rawata. A kashi na shida aka tsaya daidai inda wata mata ta ɗaga murfin akwati ta ƙwalla ƙara. Ranar Alhamis Sista aikin rana take shiga, ƙarfe ɗaya take fita, ni kuma ɗaya da rabi nake dawowa. Na zauna ina cin abinci, rimot yana kallona ina kallonsa. Na ce minti biyar kawai, in ga abin da ke cikin akwatin. Tun daga ranar ban sake tsallake Alhamis ba.

Rikodar nan tana da gulma. Duk abin da ta ɗauka takan sa masa jan ɗigo a gefe, da an buɗe ɗigon ya ɓace. Kuma inda ka tsaya nan take ci gaba. Don haka in na gama sai in mayar da shi farko, ranar Lahadi kuma in yi sauri in kunna kafin Sista ta fito daga kicin. Sai kuma aikin nuna mamaki. Wallahi ya fi ɗinkin wuyan riga wuya. A kan hanyar shago nake gwada salatina da riƙe baki. Sau ɗaya na ce "Kai!" tun kafin a mari mutumin, sai na wayance da cewa shayi ne ya ƙona ni.

Abin da ke ƙara kashe ni da kunya shi ne irin matar da nake yi wa haka. Sista ba ta ƙarya ko da wasa. Ga ta da kaifin basira: tun a kashi na sha biyu in ta ce kar a yarda da mai gilashin nan, kafin a tashi sai ka ga ya yi ha'inci. In ta tashi ƙaro ruwan zafi, daidai wurin surutu take tashi, ta dawo ana fara rigima. Akwai ranar da ta damƙe hannuna tun kafin a buga ƙofar da ta tsorata mu. Na ce mata da ta bar jinya ta koma duba, ta yi dariya.

Ita ma rikodar ta fara tsufa, ina ji. Tun wajen kashi na goma jan ɗigon ya daina fitowa a wasanmu, amma yana fitowa a labarai da ƙwallon da nake ɗauka. Wani lokaci ma in taɓa ta in ji ta da ɗumi alhali ba kowa a gidan. Na kai ta wurin mai gyara, ya dudduba ya ce lafiyarta ƙalau. Ya tambaye ni mu nawa ne a gidan, na ce mu biyu, sai ya yi murmushi ya ƙi karɓar ko sisi. Masu gyaran yanzu sai a hankali.

Yau Alhamis abin ya faru. Jiya aka nuna kashi na arba'in, na ƙarshe. Na bar wandon wani mutum ƙafa ɗaya na taho gida da sassarfa, har na mance gilashina a kan keke. Ina kunnawa sai na ga sunayen 'yan wasa suna tafiya sama, wato daga ƙarshe ta fara mini. Na ruɗe, na hau danne-danne don in mayar da shi farko. Wani ɗan akwati ya fito da ƙananan rubutu yana tambayata wani abu, ni kuma ba na gani sosai, na danna masa eh. Gwaggo, ashe tambayata take ko ta goge. A jerin abin da ta ɗauka, daga kashi na talatin da tara sai labarai. Na kashe na kunna, na zare waya na mayar, na jijjiga ta, har lallashinta na yi. Na kira mai gyara ya ce abin da aka goge shi kam ba shi da dabararsa. Tashar kuma ba ta maimaitawa.

Yanzu ga ni, ban ga ƙarshen ba, na kuma hana baiwar Allah gani bayan ta yi wata goma tana haƙuri. A shago da masu kawo ɗinki sun fara zancen sai in taka keke da ƙarfi don kar in ji. Sa'ata ɗaya, wannan Lahadin za ta riƙe wa wata abokiyar aikinta aiki, mun ɗaga sai ta sama.

Na yi tunanin in ce an ɗauke wuta ranar Laraba, ko in ɗora wa rikodar tunda dama tana da tarihi. In na faɗi gaskiya dole in faɗi dukanta, tun daga kashi na shida. Ba faɗanta nake tsoro ba. Tsorona ta dube ni ta ce ashe duk dariyar nan wasa nake, ta tashi daga kujerar, mu koma an kawo wuta, ka rufe ƙofa. Wannan ba zan iya ba. Me zan yi?

Naki,
Tela Mai Yatsa

*

Malam Tela, sannu da fargaba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun sai da na ajiye gilashina na share hawayen dariya, ka yafe ni.

Mu fara da laifinka, don akwai shi. Ka ɗaga hannu ka yi alkawari, ka karya shi sau talatin da wani abu, ka kuma bi shi da salatin da aka gwada a hanya. Ƙaramin abu ne, amma ba don ƙanƙantarsa Sista ta kafa dokar ba, kai ma ka sani, shi ya sa ka rubuto mini.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka da gilashi. Jan ɗigo yana fitowa a ƙwallo, ba ya fitowa a wasanku. Rikoda tana ɗumi minti talatin bayan fitar mutum ɗaya tilo da ke gidan. Kashi na arba'in ya fara maka daga ƙarshe, a na'urar da kai da bakinka ka ce inda aka tsaya take ci gaba. Ga mace mai kama hannu kafin a buga ƙofa. Malam Tela, mai gyaran nan ya fi ka gani, kuma mutumin kirki ne da ya yi shiru.

Ba zan rantse ba, ban shiga falonku ba. Amma in za a tambaye ni, Sista tana kallon wasan da safiyar Alhamis, ta mayar da shi farko, kai ka zo da rana ka yi naka. Ina ma zargin ta gano ka tun ɗigon farko da ya ɓace, ta ce to bismillah. A na ƙarshen ne labari ya ɗauke mata hankali ta fita ba ta gyara sawu ba.

Saboda haka maganar an ɗauke wuta, binne ta. In hasashena daidai ne, za ka faɗa wa wadda ta kalli abin daga farko har ƙarshe cewa ba a ɗauka ba. Za ta san ƙarya kake, ba kuma za ta iya cewa komai ba sai ta tona kanta. Ku zauna kowa da abu a ciki. Wannan ne zai kashe muku Lahadi, ba gogewar ba. In kuma hasashena kuskure ne, ka ƙara ƙarya a kan ta da, ga mace da ka ce ba ta yin ta ko da wasa.

Kar kuma ka je mata da fuskar ɗan sanda. Abin da ka sani tabbas laifinka ne, nata zato ne kawai, zaton ma na wata tsohuwa a jarida. Kai za ka fara. Faɗi naka duka, da akwatin, da shayin da bai ƙona ka ba, da wandon mutane mai ƙafa ɗaya. Sannan ka yi shiru ka ba ta fili. In ta ɓata rai, tana da hakki, ka ba ta haƙuri ba tare da kawo hujja ba. In ka ga gefen mayafi ya nufi baki, ka san sauran.

Ta ɓangaren na'ura: buɗe ledar fayafan nan ka kwafe talatin da taran da suka rage. Irin waɗannan rikodar yawanci suna da wurin kulle abin da aka ɗauka don kar ya gogu, ka sa surukinku ya nuna maka. Kuma daga yau duk abin da ya yi maka tambaya, na'ura ne ko mutum, kar ka ce eh sai ka sa gilashi. Kashi na arba'in ba zai gagara samu ba a wurin wani, amma kar ka nemo shi a ɓoye, ɓoye-ɓoyen ya isa haka.

Ka ce tsoronka ta ɗauka dariyarka wasa ce. Ka yi tunani: mutum biyu, kowa ya riga ya san abin da zai faru, amma duk Lahadi su dafa shayi su zauna su sake kallo daga farko, kowa yana wahalar nuna mamaki don kar ya rage wa ɗan uwansa daɗi. Ba don gidan burodi ake wannan ba.

Ranar Lahadin, ka dafa shayin da kanka, ka bar talabijin a kashe. In ka gama ba da haƙuri, ka juyo ka ce mata ba ka san wanda ya kunna wutar ba, ko za ta taimaka ta ba ka labari. Ka bar ta ta ja shi yadda take so, da muryoyi da komai. Wannan karon mamakinka na gaske ne, ba sai ka gwada shi a hanya ba.

Allah ya ƙara muku daɗin zama, ya bar ku a kujerar nan har tsufa. Ka gaishe mini da Sista, ka kuma ƙarasa wa bawan Allah wandonsa.

Gwaggonku