Transistocin da Kawu Ya Sayo

Laraba, da dare

Yau a shagonmu na gyaran inbata na gwada transistocin da Kawu ya sayo a Mararaba, 'yan na'urorin nan masu buɗewa da rufe wuta a cikin inbata. Na auna yawan cajin da ƙofar kowacce ke ɗauka kafin ta buɗe wa wuta hanya. Ko rabin abin da lambarsu ta nuna bai kai ba. Ƙanana ne aka sake wa lamba, in aiki ya yi nauyi ƙonewa za su yi.

Na gaya masa. Ya ce, "Injiniya, ni na kawo ka Abuja ko kai ka kawo ni? Ɗaura su."

Na ɗaura su a inbatar da aka kawo mana gyara. Inbatar wani ƙaramin asibiti ce a Karshi, ita ke riƙe da firjin allurai.

A gidan Kawu nake kwana, tuwonsa na ci ɗazu. Gobe kuma ni zai aika in ce musu ta gyaru.