Gilashi a Kan Tsaga

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jikin Inna ya yi sauƙi, ke da yara kuma kuna lafiya.

Kin san aikin da aka ba ni na mayar da tsohon siton hatsi ya zama zauren taron gari, bisa sharaɗin kada a taɓa bangonsa ko rufinsa. Na auna shi sau uku, na tsara kujeru da dandamali su kewaye ginshiƙin da ke tsakiya. Jiya shugaban kwamiti ya zauna a layin baya, ya ce ginshiƙin yana kare masa dandamali, a cire shi. Na buɗe masa ɗan littafina na gini, shafi na sha tara, inda aka ce ginshiƙin tsakiya ba ado ba ne. Ya yi dariya, ya ce mai karatun ƙasida ba injiniya ba ne. Injiniyan aikin kuwa daga ofis ya sa hannu a cire ginshiƙin, bai taɓa taka wurin ba.

Ki riƙa ba Auta maganin tarinta a kan lokaci.

Mijinki,
Mai Awo

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki cewa kin ɗinka wa yara sababbin kaya domin buɗe zauren ranar Asabar.

An cire ginshiƙin. Bayan kwana huɗu tsaga ta bayyana a bangon gabas, siririya kamar gashi. Na yi yadda littafin ya koyar: na manna ɗan gilashi a kanta da siminti, na rubuta kwanan wata a gefe. In bango yana motsi, gilashin zai fashe. Na farko ya kwana shida. Na biyu ya kwana biyu. Na uku na manna shi yau da safe, ban gama wanke hannu ba na ji ƙas.

Na kai wa shugaba gutsattsarin a cikin ambulan. Ya ce bakina ya sari ɗanyen kashi, sannan ya sa mai fenti ya shafe tsagar.

Kada ki zo. Kada ki kawo yaran ko da sun yi kuka, ki ce musu an ɗaga. Ni zan je, domin in ba ni ba babu mai ɗaga kai ya dubi rufi, kuma na riga na kwance sakatun ƙofofin duka huɗu. Kwamiti ya girmama ni da kujera a daidai inda ginshiƙin yake a da.

Ki gaida Inna. Takardun gida suna cikin akwatin ƙarfe, makullin yana ƙarƙashin rediyo.

Mijinki,
Mai Awo